Zarton Kwana Mai Wuta: Wata Takwas Ina Aiki da Shi

Da daminar bara na sayi zarton kwana na lantarki, irin wanda kansa ke juyawa hagu da dama kuma yake kwantawa gefe guda. Mai faifan inci 10 ne, sabo dal a kwali. Shagona yana Tudun Wada, aikina kuwa firam ɗin madubi da na ƙofa, sai kwalliyar silin jefi-jefi.

Aikin farko ya ba ni kunya. Madubin wata Hajiya ne daga Gyallesu, katakon maɗaci. Na kai kibiyar nuna lamba ta injin kan digiri 45, na ji ta faɗa gurbinta ƙwas, na yanka. Da na zo haɗawa, kusurwa uku suka zauna, ta huɗu ta wangame baki har tsinken ashana na shiga. Yaron shagona ya ce, "Oga, a cike da garin katako da gam mana." Na ce masa da ciko nake so, da ban rabu da zarton hannu ba.

Laifin ba babba ba ne, taruwa yake yi. Firam yanka takwas ne. Rabin digiri ya kauce a kowane yanka, kusurwar ƙarshe za ta kwashi digiri huɗu ita kaɗai. Lambar da ke jikin injin ta ce 45, katako ya ce ƙarya ne.

Washegari ban karɓi aiki ba. Na zare filogi, na sauke kan injin na kulle shi a sifili. Na jingina sikwaya, wato ma'aunin kusurwa mai digiri 90, da katangar ƙarfen da katako ke dafawa, ɗaya gefen a jikin faifai. A nan mutane ke ruɗuwa: haƙoran sun fi jikin faifan kauri, in sikwaya ta hau haƙori awon ya lalace, sai dai a ratsa ta tsakaninsu. Da na duƙa na leƙa, ga siririn haske ta baya. Na sassauta notunan katangar, na riƙa bugun ta da tafin hannu kaɗan-kaɗan har hasken ya ɓace, na ɗaure. Daga nan na tsayar da sikwaya kan tebur don duba tsayuwar faifan, na juya notin da ke tokare kai ta baya da sifana. Kibiyar nuna lamba ita ce ta ƙarshe, ita ake kaiwa wurin gaskiya, ba faifai ake ja wurinta ba.

Ita kanta sikwayar sai da na tuhume ta. Na ja layi, na kifa ta, na sake ja. Ɗaya daga cikin biyun da nake da su tun ina yaron shago ta faɗi jarrabawa, abin da har yau yake ba ni haushi. Gwajin da na fi yarda da shi kuwa na guntun katako ne: yanka shi biyu, kifa ɓari ɗaya, haɗa bakinsu. Kuskure zai fito ninki biyu, ido ba ya musu.

Tun daga ranar injin nan bai yi mini gardama ba. Firam ɗin da kan ci mini wuni yanzu kafin azahar na gama.

Amma faifan da ya zo da shi mai haƙori 40 yana yage bakin filawud, sai da na sa mai 80. Jan hasken da ke nuna layi ba ya ganuwa da rana a rumfata, gara in sauke faifai a kashe in daidaita haƙori da layin fensir, tunda yanka kan cinye kusan milimita 3. Jakar ƙurar ado ce kawai. Wat 1,800 yake ja, ƙaramin janareta ba ya ɗaukar sa. Gurabun digiri 31.6 da 33.9 da ke jikin injin na kwalliyar silin mai kwanciyar digiri 38 ne, wadda nake sayowa a 'Yan Katako kuwa kowace da yadda aka fere ta, don haka sai na gwada a guntu.

Da hunturu ƙura kan cika gurbin 45 har kulle ya ƙi zama daidai, tsohon buroshin haƙori ke maganinta. Makon jiya mun ɗora shi a keke zuwa wani aiki a Samaru, kafin in kwance igiya yaron ya riga ya miƙo mini sikwaya.