Yamaha A-S501: Amfilifayar falo da abin dubawa kafin a biya

A-S501 tana haɗa sashen sarrafa sauti da na ƙarfafa shi a akwati ɗaya, tana ba kowace lasifika wat 85 a kan om 8 (om ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta ne). Ƙanwarta A-S301 wat 60 take bayarwa, amma kada lambar ta ruɗi mai saye: ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙara wa ƙarfin sauti, don haka tazararsu ba ta wuce desibel ɗaya da rabi ba. A matsakaicin falo da lasifiku masu fitar da ƙara da wuta kaɗan, ƙaramar ta wadatar. Babbar tana nuna kanta ne idan ɗakin na da faɗi ko lasifikun na da cin wuta.

A bayanta akwai mashigar optikal ta talabijin, da ta koaksiyal, da ta garmaho mai allura nau'in MM (mai maganaɗisu mai motsi), da mafitar lasifikar bas. Babu Bluetooth a ciki, babu kuma USB na kwamfuta, USB ɗin sai a babbar yayarta A-S801. Gaskiya rashin Bluetooth naƙasu ne.

Inda ake yawan yin ɓarna shi ne haɗa lasifiku huɗu a tashoshin lasifika na A da B da ke bayanta. Biyu masu om 8 a gefe ɗaya suna komawa om 4, masu om 4 kuwa su koma 2, sai na'urar ta yi zafi ta kashe kanta. A kashe wuta tukuna kafin a taɓa makunnin zaɓen om da ke bayanta, a kuma bar mata sarari a sama ta sha iska.

Mai sayen ta hannu ya karanta rubutun bayanta. Wadda aka yi wa Amurka bolt 120 take ɗauka, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce. Ba taransifoma, jonawa ɗaya ya isa ya ƙona ta.