Tawunhaus ɗinmu na Laurel: banɗaki biyu da rabi, babu rariya ko ɗaya

Watan gobe za mu cika shekara biyu a gidan nan na Laurel, a jihar Maryland ta Amurka. Tun da muka tare, 'yan'uwa da ke Maryland suke tambayata ko su ma su sayi irinsa ko su nemi kondo, wato fulat da mutum ke saye a cikin babban bene, ni kuwa amsata ɗaya ce: ku saya. Har yau ban janye ba, amma akwai maganar da ya kamata in riƙa haɗawa da ita, kuma na daɗe ban faɗa ba.

Gidan irin wanda 'yan Abuja ke kira teras ne. Hawa uku, bango manne da na maƙwabta dama da hagu, gareji a ƙasa, falo da kicin a tsakiya, ɗakunan kwana uku a sama. Shekara bakwai muka yi muna haya a hawa na huɗu, inda ko yaji ba na iya dakawa saboda matar da ke ƙasanmu. Ranar da na buɗe ƙofata na taka ƙasa kai tsaye, ba lif ba dogon lungu, sai da na yi hawaye. Ga ɗan fili a baya da nake shuka yakuwa da alayyafo in sanyi ya wuce. Masallacin Turkawa na Lanham bai kai mana rabin awa ba. Ta wannan fannin wallahi babu abin da zan ce sai godiya.

Lokacin da muke duba gidan, dillaliyar ba ta da magana sai "banɗaki biyu da rabi". Rabin shi ne wanda ke hawa na tsakiya, masai da wurin wanke hannu kawai, babu wurin wanka. Ni abin da na tsaya dubawa shi ne alƙibla, wadda a nan take arewa maso gabas. Na fito da waya na auna kowane masai, na ga babu mai fuskantarta ko ba ta baya, hankalina ya kwanta. Na yaba babban banɗakinmu mai wurin wanke fuska biyu da baho da shawa daban. Ƙasa kuwa tayil ne fari tas, ban ko sunkuya na dube shi ba.

Bayan wata takwas na haihu, Hajiyarmu ta zo daga Kano don jego. Duk wanda ya san Hajiya ya san ba ta wasa da tsarki. Kullum da asuba za ta haɗa mini ruwan zafi a baho, ta tsaya a kaina har in gama, ruwa na fantsama ta ko'ina kamar yadda wankan jego yake. In na fito sai ta cika bokiti ta kwara a ƙasa, ta sa tsintsiyar da ta taho da ita ta wanke. Tun ranar farko ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, ina rariyar bayin naku? Na nema na rasa." Na ce, "Hajiya, nan ba sa yi, gogewa ake yi da tsumma." Ta ce to, ta ci gaba da kwarawa tana tsane ruwan da tsohon tawul. Ni kuma ina fama da jaririya da rashin barci, ban ƙara bi ta kai ba. A raina tayil tayil ne, kamar na gida.

Ashe ba haka ba ne. A gida ƙarƙashin tayil kankare ne. A nan katako ne, ƙarƙashin katakon kuma silin ɗin kicin, wanda allo ne na farar ƙasa da takarda, da ya sha ruwa ya zama kunu. Ruwan yana bi ta gindin masai da gefen baho da ƙasan bango, yana sauka a hankali ba mu sani ba. Kwana ashirin da shida da haihuwa, ina zaune a kicin ina shan kunun kanwa, na ɗaga kai na ga silin ya kumbura ya yi ciki, da wani zagayen tabo ruwan ƙasa. Na kira Abban yara a wurin aiki. Kafin ya iso, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗo kan teburin cin abinci, daidai inda na ajiye kujerar jaririya minti goma kafin nan. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Hajiya ta zauna a matattakala tana ta salati tana cewa ita ta jawo mana. Wannan ya fi silin ɗin yi mini ciwo, domin ba ta yi komai ba sai abin da kowace uwa ke yi wa 'yarta, kuma ni ce ban yi mata cikakken bayani ba, don ni ma ban sani ba.

Daga nan aka shiga kiran waya. Ƙungiyar masu gidajen unguwa, HOA, da muke biya duk wata, ta ce cikin gida ba ruwanta. Nata yankan ciyawa ne, da kwashe shara, da share dusar ƙanƙara a titi. Kamfanin inshora ya turo mutum ya duba, ya ga katakon ya yi baƙi, ya ce wannan yoyo ne na makonni, su kuwa ɓarnar da ta auku farat ɗaya suke biya, kamar fashewar bututu. Ko sisi ba su ba mu ba. Mai binciken gidan da muka biya kafin saye ya ce shi ma ba laifinsa, banɗakin daidai yake da ƙa'idar gini, dokarsu ba ta buƙaci rariya a banɗakin gida ba. Gaskiyarsa ce, amma dillaliyar nan ta ga ina auna alƙibla, ta ga buta a motarmu, ta sha sayar wa Musulmi gida. Kalma ɗaya daga bakinta da ta isa. Da kuɗinmu muka cire katako, muka busar da wurin da injin kwana huɗu, muka sake silin.

A makon da abin ya faru na ce da na sani kondo muka saya, a can ƙungiya ce ke da alhakin ginin. Sai wata ƙawata da ke kondo a Silver Spring ta ce in gode wa Allah. Da a wurinsu ne, silin ɗin maƙwabcin ƙasa ne zai faɗo, kuma dokar Maryland ta ce idan ɓarna daga ɗakinka ta taso, kai za ka biya kason farko na inshorar ginin, har dala 10,000. Ta kuma nuna mini yadda kuɗin watansu ya hau. Tun da benen Surfside na Florida ya rushe a Yunin 2021 ya kashe mutum 98 ake matsa wa ƙungiyoyin su tara kuɗin manyan gyare-gyare, Maryland ma ta yi dokar haka a duk faɗin jihar a 2022. Sai na ga gara nawa, ruwana ne ya zuba a kicin ɗina. Sai dai rufin sama namu ne, ranar da ya tsufa mu kaɗai za mu ji da shi. Kuma a karanta takardu da kyau, akwai tawunhaus da a doka kondo ne. Kwana 5 kawai ake ba mai saye bayan an miƙa masa takardun HOA ya fasa in bai gamsu ba, mu kuwa ko buɗe su ba mu yi ba. Da mun buɗe, da mun san ƙa'idar ajiye mota, da ba a ja motar baƙonmu ranar suna ba.

Shi kuwa rabin banɗakin nan, kullum sai ya ɓata mini rai. Ƙofarsa na kallon teburin cin abinci, baƙo ya shiga kowa na ji, har wasu dattawa sun gwammace su daure. Wurin wanke hannun bai fi kwanon sha ba, a nan kuma za ka ga tsoho ya ɗaga ƙafa yana alwala yana dafa bango. In na tura baƙi sama, sai sun ratsa ta gaban ɗakin kwananmu.

Abin da ya rage mana zafi shi ne hawa na ƙasa. Daɓensa kankare ne, kuma magina sun bar bakin bututu a bayan gareji. Mun samu izinin gini, an yi mana banɗaki mai tayil har bango, da rariya a tsakiya, da famfo ƙasa-ƙasa da ɗan dakali na alwala. Mai aikin sau uku yana tambaya ko da gaske rariyar a tsakiyar ɗakin muke so. Da aka gama na ɗauki bidiyo ina kwara bokiti guda a ƙasa na tura wa Hajiya. Ta turo murya ta ce in Allah ya kai mu bayan Sallah a hawa na ƙasa za ta sauka, dama gwiwarta ba ta son benen nan.