Hoton mage a falo: na ƙyalle ko na gilashi?

Hotunan magen nan masu launi mai kashe ido, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, wata ma har da tabarau, sun fara shigowa falukan Kano. Wannan salon zane, da ake kira pop art, ya taso ne a Ingila da Amurka a shekarun 1950, kuma Andy Warhol, wani mai zane ɗan Amurka, ya yi fice wajen maimaita hoto ɗaya da launuka daban-daban.

Iri biyu ake samu. Akwai wanda ake bugawa a ƙyalle mai kauri a ɗaure shi jikin katako. Ba nauyi, ƙusa ɗaya ta ishe shi, kuma ba ya ƙyalli idan an kunna fitila. Matsalarsa hunturu. Ƙura na shiga saƙar ƙyallen ta zauna daram, in kika sa jiƙaƙƙen tsumma kuwa sai ta zama dabbare. Sai dai a riƙa kaɗe shi da busasshen buroshi mai laushi.

Na takarda cikin firam da gilashi, tsumma ɗaya ya gama magana. Amma yana da nauyi, kuma gidan da yara ke buga ƙwallo a falo an san ƙarshen zancen.

Ni dai a garin nan na gilashi zan ɗauka, in rataye shi nesa da taga domin rana na kashe launi. In kuma maigida ba ya son hoton mai rai a bango, a fara jin ta bakinsa kafin a biya kuɗi.