Damina biyu da ƙofar bakin tankin mai: abin da ta tsare da abin da ta kasa

Motar da nake shiga gona da ita Jeep Wrangler ce mai ƙofa huɗu, ƙirar 2010, wadda na saya ta hannu bayan ta gama ƙuruciyarta a Amurka. Wanda ya san wannan samfuri, da aka yi ta ƙerawa daga 2007 zuwa 2018, ya san yawancinsu ba su da ƙofa a bakin tanki irin wadda ake gani a jikin Hilux ko Corolla. Murfin mai yana zaune ne a fili cikin wani ɗan kwarmi na baƙar roba a gefen direba, tsakanin tayar baya da fitilar baya, wato daidai wurin da taya take watso duk abin da ta taka.

A cikin garin Daura wannan bai taɓa damuna ba, domin ƙasarmu jigawa ce, ruwa yana sauka rairayi ya shanye shi. Matsalar tana farawa ne idan Agusta ta kama, aka shiga marka, na bar kwalta na nufi fadamar da nake noman shinkafa a wajen Sandamu. Lakar fadama baƙa ce mai danƙo, kuma kafin in kai gona sai ta cika kwarmin nan taf, ta yadda murfin da kansa ba ya ganuwa. Idan rana ta fito ta bushe, sai ta zama kamar an yi wa wurin yaɓe.

Ya kamata in faɗi gaskiyar da masu sayar da ƙofofin bakin tanki ba sa faɗa, cewa taɓo ba ya shiga tanki muddin murfi yana rufe da kyau. Lokacin buɗewa ne ake yin ɓarnar. Na ga haka da idona ranar da mai ya yanke mini a ƙauye, na tsaya wurin wani yaro mai bumburutu. Ya kama murfin ya murɗa da ƙarfi, busasshiyar lakar ta farfashe, na kuwa ga ɓurɓushinta kamar tsabar gero yana gangarawa cikin maƙogwaron tanki kafin ya kafa mazurarinsa. Da na ba bakanikena labari, sai ya ce, "Alhaji, ka kiyaye, wannan motar ba ta da filtar mai a waje da za mu canza maka da 'yan kuɗi kaɗan. Tana cikin tanki tare da famfo, ranar da ta toshe sai mun sauke tankin gaba ɗaya." Tankin da yake magana a kansa yana cin kusan lita 85, don haka ba aikin rabin awa ba ne. Akwai kuma wata ƙaramar fitina, wato idan ƙasa ta hau robar da ke cikin murfin ta hana shi kamawa sosai, sai rubutun gASCAP, wato gargaɗin cewa murfin mai bai rufu ba, ya fito a wurin da ake karanta kilomita, wani lokacin ma fitilar inji ta biyo baya, mutum ya tayar da hankalinsa alhali ƙasa ce kawai.

Ƙofar farko da na gwada ta roba ce mai ruwan azurfa, wadda ake mannawa a kan kwarmin da gam mai fuska biyu. Na saye ta a intanet saboda araha da kyan hoto, kuma ba zan daɗe a kanta ba, domin ita ma ba ta daɗe a jikin motar ba. Zafin Afrilu ya narkar da gam ɗin, ta fara leƙe ta sama, sannan wata rana na dawo daga kasuwar Mai'adua na tarar babu ita. Araha dai ba ta ado.

Ta biyun ita ce dalilin wannan rubutu. Ta alminiyam ce baƙa, mai hinji da ɗan makulli, kuma ba a ɗora ta a kan tsohon kwarmi, cire shi ake yi a sa nata a madadinsa. Ɗan yayata ne ya yi mini odarta, kuɗinta da na kawowa duka bai kai kuɗin rabin tankin mai ba a farashin yanzu. Takardar da ta zo da ita ta nuna aikin kamar wasan yara, amma mu sai da muka yi kusan awa guda. Dole a kwance fitilar baya ta gefen direba, a zura hannu ta ramin a danna 'yan haƙoran da ke riƙe da tsohon kwarmin daga ciki, kuma robar da ta sha ranar shekara goma sha wani abu ba ta lanƙwasa, karyewa take yi. Wurin da ya fi cin lokaci shi ne zoben roba da ke zagaye wuyan tankin. Yaron bakanike ya so ya bar shi a karkace tunda ƙofa za ta rufe shi, maigidansa ya daka masa tsawa, ya shafa wa zoben ruwan sabulu har ya zauna daidai. Daga baya na gane cewa wannan zobe ya fi ƙofar kanta muhimmanci, domin shi ne yake hana ruwan taɓon da ke fantsamowa ta ƙarƙashin mota ya ɓullo ta bayan kwarmin. Duk wanda zai ɗaura irin wannan ƙofa ya tsaya a kan mai aikin har sai ya ga zoben ya zauna, kuma ya tabbatar an mayar da igiyar da ke riƙe da murfin, don kada a manta shi a gidan mai.

A damina ta farko ta yi abin da na saye ta dominsa. Nakan dawo daga fadama gefen motar ya koma launin ƙasa tun daga taya har gilashi, in buɗe ƙofar in tarar da murfin baƙi wuluk, hannu ba ya ɓaci. Rubutun gASCAP bai sake fitowa ba ko sau ɗaya. Mai ba da mai a inda na saba sha, wanda a da sai ya nemi tsumma kafin ya taɓa motata, shi ya fara lura, ya ce, "Yallaɓai, yau an huta da kankare ƙasa."

Sai dai ƙofar garkuwa ce kawai, ba ta toshe wurin ruf. Tsakaninta da bakin kwarmin akwai rata da farce zai iya shiga, kuma babu roba a gefenta. Taɓo mai kauri ba ya wucewa, amma ruwan laka mai tsinkewa yana silalowa, musamman idan na ratsa kududdufi da gudu. Ranar da na bi ta wani kwazazzabo da ruwa ya kai rabin taya, na tarar da ɗan ruwa ja ya kwanta a ƙasan kwarmin, ya bushe ya bar ɓawo. Haka nan masu wankin mota da injin feshi, idan suka saita bakin tiyo a kan ratar, turo dattin suke yi ciki. Tun daga nan nake gaya musu su buɗe ƙofar su goge wurin da hannu, murfin yana rufe.

Makullin ne ya fi ba ni haushi, alhali saboda shi na zaɓi wannan samfuri. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta zama abin da ake sa wa ido, kuma mota takan kwana a gona lokacin girbi, shi ya sa na ga kamar makulli zai ba ni kwanciyar hankali. Amma ramin makullin ba shi da abin da yake kare shi, yana kallon waje kamar yadda murfin yake a da. Damina ta cusa masa laka, hunturu ya zo ya ƙarasa da ƙura. Wata safiya a Disamba, a kan layin mai a Katsina, motoci na bayana suna ta hon, makullin ya shiga rabi ya tsaya cak. Na yi kuskuren ɗiga masa baƙin mai, ya buɗe a ranar, amma bayan mako biyu man ya haɗu da ƙura ya zama kamar ƙullu, abin ya fi da muni. Wani dattijo mai gyaran kwado ne ya wanke shi da kananzir, ya goga bakin fensir a jikin ɗan makullin har ya yi baƙi, ya ce kada in sake kusantar da mai wurin. Dabararsa ta yi aiki, sai dai duk wata nake maimaitawa. Kuma idan za a yi maganar tsaro tsakani da Allah, harshen makullin siriri ne, mai sukundireba da niyya ba zai yi minti biyu a kansa ba. Yaran da ke wasa da murfi yake hanawa, ba ɓarawo ba.

Akwai wani abu da wanda ya ƙera ƙofar bai yi tunaninsa ba, wato sayen mai a galan. Kan famfon gidan mai yana shiga lafiya, amma mazurarin 'yan bumburutu mai faɗin baki yana karo da ƙofar idan tana buɗe, sai an karkata shi, mai ya riƙa zuba a jikin fenti. Na magance wannan da guntun tiyo mai tsawon kamu ɗaya da nake ajiyewa a bayan kujera. Fentin ƙofar kuwa ya dushe daga baƙi zuwa ruwan toka a cikin shekara guda, ƙusoshin adon da ke zagaye da ita biyu sun fara tsatsa, hinjin kuma yana ƙara idan ƙura ta yi yawa, amma bai saki ba duk da girgizar hanyar gona.

Mai motar da ba ta barin kwalta ba ya buƙatar wannan ƙofa sai don ado. Masu Hilux da ƙofar tankinsu ta ɓalle suna yawo da leda ɗaure a wurin, su gara su nemi ta asali a Ƙofar Ruwa a Kano, domin an yi ta daidai jikin motar. Amma mai mota irin tawa da ke shiga fadama da damina, zan ce ya saya, ya zaɓi ta ƙarfe wadda ake cire tsohon kwarmi a sa, ya kuma bar mai makulli. Ni ma na sa a nemo mini marar makulli mai roba a gefe kafin ruwan bana ya sauka, tsohon buroshin haƙorin da nake share kwarmin da shi kuma yana nan a aljihun ƙofar direba.