Idon kyamara 18-55: nawa da na abokina ba ɗaya ba ne

Wata shida ke nan da na sayi kyamara sabuwa dal a kwali, haɗe da idon nan 18-55 da ake sakowa tare da ita, wato gilashin gaba da ke ɗaukar fili mai faɗi a 18, ya jawo abu kusa a 55. Makonnin farko ban da yabo ba abin da nake yi. Ba nauyi, yana kama saiti da wuri, kuma in na tsayar da mutum a tsakiya na jawo shi zuwa 55, har zaren hularsa sai ka ƙirga. Masu cewa idon kwali tarkace ne, gardama nake yi da su sosai.

Ranar da ya kunyata ni, walimar saukar Alƙur'ani ce a Islamiyyar unguwarmu. Ɗalibai suka yi sahu uku a ƙarƙashin rumfa, na mayar da shi 18 don kowa ya shigo, na buɗe ƙofar haske zuwa f/4 saboda inuwa. A ɗan allon kyamara komai lafiya lau. Sai da daddare na buɗe a kwamfuta, gabana ya faɗi. Na tsakiya da na dama sun fito tar, har zayyanar allunansu ana gani. 'Yan mata huɗu na gefen hagu kuwa dishi-dishi, kamar ta cikin hazo aka hango su. Duk hotunan haɗakar haka suke. Mahaifin ɗaya daga cikinsu ya daɗe yana kallon wanda na wanko masa, sannan ya ce, "Malam, ita tawa motsi ta yi ne?" Na rasa abin faɗa. Yarinyar nan ko ƙifta ido ba ta yi ba, kuma sauka ba a maimaita ta.

Na zargi hannuna, na zargi ƙura, na goge gilashi gaba da baya. Daga baya na je wajen wani abokin sana'a mai irin idon sak, lamba ɗaya, ƙira ɗaya. Muka manna shafukan jarida a bango, muka kafa kyamarata a kan mai ƙafa uku, muna musanya idon kawai. Nasa kusurwoyi huɗun sun ɗan yi laushi daidai wa daida, kuma wannan ba abin mamaki ba ne a ido mai araha. Nawa kuwa dama ana karanta ƙananan baƙaƙe, hagu sun cakuɗe. Ya ce in kifar da kyamarar ƙasa a sama in sake ɗauka. Dishin ya koma ɗaya gefen bangon. Ashe ba bango ba ne ya karkace, ba kuma tsayuwata ba.

A cikin irin wannan idon mai rage girgiza akwai gilasai sama da goma jere a gangar roba. Ɗaya ya ɗan goce daga tsakiya ko ya ɗan jirkice wajen haɗawa, shi ke nan gefe guda ya tafi. Masu tsada ma suna samun haka, amma wanda ake bugawa da yawa a kan araha ya fi shiga wannan caca. In aka tsuke ƙofar haske zuwa f/8 abin yana raguwa ƙwarai, hotunan rana da nake yi yanzu ba wanda ya yi ƙorafi. In ka dace da mai kyau irin na abokina, wallahi ya ci kuɗinsa har da ƙari.

Amma ni ban dace ba, kuma kuɗi ɗaya muka biya. Na koma wa mai shagon da hotunan jaridar a waya, ko kallon kirki bai yi musu ba ya ce, "Yallaɓai, ai duk kamfani ɗaya ne, kuma an kwana biyu da saye." Wannan maganar ta fi dishin yi mini ciwo. Yanzu duk hoton taro sai na ja baya na bar fili a hagu, in yanke daga baya. Mahaifin yarinyar na mayar masa da kuɗinsa, ya ƙi karɓa, ya tafi da hoton a haka.