Gargaɗi ga mazauna Amurka kan masu alkawarin karɓo kuɗin rangwamen sayen gidan farko

Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa da ke zaune a Amurka, musamman waɗanda suka sayi gida a 'yan shekarun nan. Duk mai cika takardun haraji da ya ce zai gyara takardunka na shekarun baya domin ya karɓo maka dala 8,000 ko 15,000 daga hukumar haraji ta IRS, da sunan rangwamen mai sayen gida karo na farko, shi kuma ya ɗauki kasonsa idan kuɗi sun fito, to damfararka yake shirin yi, domin wannan rangwame ya daɗe da ƙarewa.

Abin da ke sa mutane su yarda shi ne rangwamen ya taɓa wanzuwa. Majalisar dokokin Amurka ta kafa shi a 2008, lokacin da kasuwar gidaje ta durƙushe, a kan dala 7,500, wanda a haƙiƙa bashi ne marar ruwa da ake biya dala 500 kowace shekara har shekara 15. A 2009 aka ɗaga shi zuwa dala 8,000 ba tare da biya ba, muddin mutum ya zauna a gidan wata 36. Ƙofar ta rufe ga wanda bai ƙulla yarjejeniyar saye ba zuwa 30 ga Afrilun 2010, ko bai kammala ciniki ba zuwa 30 ga Satumba na shekarar, in ban da sojoji da wasu ma'aikatan gwamnati da ke aiki a ƙetare, waɗanda aka ƙara wa shekara guda. Dala 15,000 kuwa wani ƙudiri ne da aka gabatar a 2021, bai zama doka ba. Ko wanda ya cancanta a wancan lokaci ya makara, saboda takardar gyara mai lamba 1040-X tana da wa'adi: shekara uku daga ranar shigar da takardar asali, ko biyu daga ranar biyan harajin. Gidan da mutum ya gina a Kano, Yamai ko Kumasi bai taɓa shiga cikin tsarin ba, don sharaɗi ne gidan ya kasance a Amurka.

An tafka maguɗi sosai a kan wannan rangwame tun yana aiki. Ofishin babban sufeton da ke sa ido kan harkar haraji ya gano a 2009 cewa an nemi kuɗin da sunan yara sama da 500, har da mai shekara huɗu, sannan a 2010 ya gano fursunoni fiye da 1,200 da suka karɓa suna tsare.

Abin da ya fi damuna shi ne inda nauyin ke faɗawa. Mai damfarar yakan ƙi sa hannu a takardar, ya ƙi rubuta lambarsa ta PTIN, wadda doka ta wajabta wa duk mai cika takardun haraji don kuɗi, sai ta fito tamkar kai ka cika da kanka. Tun da rangwamen babu shi a takardun yanzu, sai ya cusa adadin a wani gurbi, ko ya ƙirƙiro harajin da aka ce an cire daga albashinka, wani lokaci ma ya sa lambar asusun bankinsa a maimakon taka. Idan IRS ta gano, kai za ta bi ka mayar da kuɗin tare da ruwa da tara, wadda kan kai kashi 20 cikin ɗari, ko kashi 75 idan an tabbatar da zamba, kuma takardar zamba ba ta da wa'adin da za a daina bincikenta. Ga mai neman zama ɗan ƙasa, irin wannan tabo na iya tasowa lokacin da ake duba halayensa. Bayan haka ka riga ka miƙa wa baƙo lambarka ta Social Security da takardun gidanka.

Kada ka sa hannu a takardar da ba a cika ba, kuma ka guji wanda ladansa ya dogara da yawan abin da za a dawo maka da shi. Tallafin da ke akwai yanzu daga jihohi da ƙananan hukumomi yake fitowa, kamar takardar shaidar rangwamen jinginar gida ta MCC, wadda ake nema kafin a kammala sayen gidan. Wanda aka riga aka shigar masa da takardar ƙarya ya gaggauta gyara ta da taimakon ƙwararre mai lasisi, ya kuma kai ƙarar mai cikawar ga IRS ta takarda mai lamba 14157.