Tsohon injin sake ɗura harsashi da na yanzu, wanne ya fi?

Jiya muna zaune a Kofar Soro, musu ya kaure kan injin nan na hannu da maharban Amurka ke sake ɗura kwankon harsashi da shi, mai yin aiki ɗaya a kowane jan hannu. Malam ni dai tsohon nake so wallahi. Dubi Rock Chucker na kamfanin RCBS da ya fito a 1967, zubin ƙarfe ne mai nauyin tsiya, jikinsa a rufe yake zagaye don haka ba ya lanƙwasa in an danna, ba kamar masu buɗaɗɗen gaba ba, kuma har yau jikoki na aiki da na kakanninsu, mai kawai yake sha kamar keken ɗinki Singer.

Sababbin fa sun fi sauƙi gaskiya. Bakinsu ya fi faɗi, dogon kwanko na shiga ba sai ka karkata shi ba, sannan irin na kamfanin Hornady murɗa kaɗan zakayi ka canza kan da ke matse kwankon, ba sai ka yi ta kwance shi kamar noti ba. Amma wasu masu arha alminiyam ne, wannan ne bai kwanta min ba.

A nan gida kuwa kallo ne namu, dokar makamai ta hana haɗa harsashi ba lasisi.